Hoton Kan Baba da Na Gyara

Shagona yana bayan tashar mota a Birnin Kudu, tsakanin mai faci da wata mata mai suyar awara. Aikina hoto ne da bidiyo: biki, suna, walimar sauka, wani lokaci taron siyasa idan kakarsa ta zo. Kafin in buɗe shagon na yi shekara huɗu a Kano a ɗakin tace fim, kuma ban taɓa bari kowa ya manta da haka ba. Ko shayi na je sha sai na san yadda na yi na sako "lokacin da muke Kano". Yayata, wadda take aure a Gwaram, tun dawowata ta raɗa mini suna Darakta, kuma ba don girmamawa take faɗa ba.

A Kano na koyi abu ɗaya da ya shiga jinina. Babbar kyamarar fim ba ta ba ka hoto mai kyau kai tsaye. Abin da take fitarwa dishi-dishi ne, kamar rigar da ta sha wanki ta koɗe. A wasu ayyukan ma ba bidiyo guda ake kawo mana ba, hotuna ne dubbai, kowanne fayil ɗinsa daban, an jera su da lamba, irin da ake kira DPX. Aikin mai tacewa shi ne ya kwaso su, ya ja baƙi ya zama baƙi ƙirin, fari ya zama fari tas, ya yanke rubuce-rubucen da kyamara ta bari a gefe, sannan ya juya su zuwa bidiyon da kowace waya za ta buɗe. Maigidana na can yakan ce duk hoton da ya bar hannunka yana dishi-dishi, lalacinka ne ya fito fili. Na dawo gida da wannan karatu, ya kuma karɓe ni, domin babu amaryar da take so a ga ƙurjin fuskarta.

Mahaifina malami ne a Zandam. Yana da makarantar allo a zaurensa, yana noman gero da dawa kamar kowa, kuma shi da kansa yake rubuta wa manyan ɗalibai darasi da alƙalamin kara, rubutun da ko a Gwaram aka gani an san na waye. A ƙarshen daminar shekarar da nake ba da labari, santsi ya kwashe shi a gindin rumbu, kansa ya bugi ɗaya daga cikin duwatsun da aka ɗora rumbun a kai. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce da waɗanda suka rugo su koma bakin aikinsu, ko ba su taɓa ganin tsoho ya faɗi ba ne? Shi ke nan aka manta. Sai da aka gama yankan gero ciwon kai ya zo masa, irin wanda ba ya jin magani. Daga nan ƙafar dama ta fara jan ƙasa. Sai kuma alƙalami ya riƙa zamewa daga yatsunsa a tsakiyar layi, ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne.

Yaya ce ta tsaya kai da fata sai an je asibiti. Likitan da ya duba shi ya ce sai an ɗauki hoton cikin kai, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura. Mijin Yaya, wanda muke kira Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne kuma yana da mota, shi ya kai su wani wuri mai zaman kansa a wani gari inda ake da na'urar. An ɗauka lafiya lau. Amma mai karanta hoton ya yi tafiya, ledar da ake buga shi a kai kuma ta ƙare, sai aka miƙo musu faifai a ambulan aka ce komai yana ciki.

Alhaji yana da abokin makaranta, likitan tiyatar kai a Kano. Ya kira shi, likitan ya ce kafin a wahalar da tsoho a mota a turo masa hoton ya gani. Baba kuwa ya riga ya kafa sharaɗi: ba zai taka Kano ba sai idan likita ya ga wani abu da idonsa. Ga dawa a gona ba a yanka ba, ga ɗalibai uku suna dab da sauka, ba zai bar su ya je ya kwanta a gadon ƙarfe saboda ciwon kai ba. Duk wanda ya san Baba ya san idan ya rufe magana ba a sake buɗe ta. Don haka tafiyarsa ko zamansa ya rataya ne a kan abin da likitan nan zai gani.

Da hantsi Yaya ta shigo shagona, ta ture wayoyin da ke kan benci ta zauna, ta zaro ambulan daga jaka.

"Darakta, ga abin da ka iya ya zo har gida. Wai hoton kan Baba ne a nan ciki. Mun kai wa mai buga takardu a Gwaram, ya ce kwamfutarsa ta ƙi buɗewa."

"Yo kwamfutar buga takarda ai ta buga takarda ce, Yaya. Kawo nan ki gani."

"To Allah Ya sa ba cika baki ba ne."

Na saka faifan, na kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfutata. Fayiloli ne sama da ɗari biyu, an jera su da lamba, wani iri da ake kira DICOM, wanda ban taɓa karo da shi ba. Amma da na ga jerin lambobin nan sai raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, ai wannan DPX ne ya sa rigar asibiti. Na nemo wata 'yar manhaja da ke juya su zuwa hoto na yau da kullum, na buɗe na tsakiya. Wani zagaye ne ruwan toka, babu abin da ido zai kama, dishi-dishi sak irin na kyamarar Kano. A ƙasansa akwai maɓallai biyu da ake ja dama ko hagu a canza haske.

Hannuna ne ya yi aikin, ban ma yi tunani ba. Na ja, na ja, har ƙashin kai ya fito fari fes, kowane layi nasa a bayyane, cikin kuma ya koma duhu guda mai santsi, babu wani dabbare-dabbare. Gefen hoton cike yake da ƙananan rubuce-rubuce da lambobi, na yanke su kamar yadda aka koya mini. Na yi wa sauran hotunan haka a bugu ɗaya, na jera su, na mai da su bidiyo na daƙiƙa arba'in, na matse shi ya ƙanƙance don ya wuce ta waya babu wahala. Idan ka kunna, sai ka ga kan yana buɗewa daga haɓa har tsakar ka, ramin ido ya bayyana ya ɓace. Wallahi ya yi kyau. Saura kaɗan in sa masa kiɗa.

Yaya ta matso ta kalla sau biyu, hannunta a ƙirji.

"Ikon Allah. Wannan kan Baba ne haka?"

"Shi ne. Kin ga ko tsaga babu."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce yau dai Kano ta yi rana. Na tura wa Alhaji, shi kuma ya tura wa abokinsa.

Washegari da azahar amsa ta zo, saƙon murya. Alhaji ne ya turo mini shi, ya rubuta a ƙasa cewa sauran bayanin namu ne na masu ilimin na'ura. Na kara wayar a kunne. Muryar likitan a gajiye take, ana jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Alhaji, na duba. Ban ga karaya a ƙashi ba. Amma gaskiya abin da aka turo ba shi da amfani a wurina. Ƙashi kawai yake nunawa, wanda ya yi shi ya goge abin da nake nema, har alamar da ke nuna dama da hagu ya yanke. Ka ce masa ya turo ainihin fayilolin yadda suke a faifai. Kada ya taɓa komai."

Alhaji mutumin kirki ne, amma bai taɓa sauraron magana har ƙarshenta ba, balle ranar kasuwa. Yana jin "ban ga karaya ba" ya ce alhamdu lillahi, ya kira Yaya. Yaya ta kira Zandam. Kafin la'asar labari ya cika gidanmu cewa babban likitan Kano ya duba, ya ce babu komai. Ni kaɗai na ji rabin maganar na biyu.

Sau uku na saurari saƙon, kuma duk ukun wuri ɗaya yake soka ta: ba shi da amfani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na zauna da daraktoci, ni da 'yan fim suke jira in gama kafin su ci abinci, wani ya kalli aikina a tsaye a baranda ya ce ba shi da amfani? Na ce da kaina likitocin nan haka suke, ba sa son wanda ba nasu ba ya taɓa kayansu. Na ce ai ya faɗa da bakinsa, babu karaya. Duk da haka na gwada turawa, kada a ce ban yi ba. Fayilolin suna da nauyi, layin waya yana tafiyar hawainiya, bai kai ko'ina ba aka ɗauke wuta. Na rufe kwamfutar na ce sai gobe.

Lokacin bukukuwa ne, kaka ta yi, kowa ya sayar da amfanin gona yana aurar da 'ya'ya. Biki uku ne a hannuna, dangin amare suna sintiri a ƙofar shago. Gobe ta zo ta wuce. Amma ba zan ce na manta ba, don da na manta da na fi samun sauƙi. Kullum na kunna kwamfuta sai na ga jakar fayilolin nan a kusurwar allo tana kallona. Rana ta uku na canza mata suna. Rana ta huɗu na ɗauke ta na cusa cikin wata jakar, inda ba zan riƙa ganinta ba. Ina tsaka da goge wa wata amarya tabon goshi sai in ji na miƙe tsaye babu dalili, in fita bakin titi, in dawo, in zauna, in sake miƙewa. Mai awara har ta tambaye ni ko basir ne ya tashi.

Kullum ina kiran Yaya in tambayi jikin Baba, kullum ta ce da sauƙi. Ni kuma na san abin da "da sauƙi" take nufi a bakinmu. Na ji an faɗe ta a kan mutumin da ake karanta wa Yasin. Ba ma cewa jiki ya yi tsanani, ba halinmu ba ne, kuma duk wanda yake son sanin gaskiya sai ya ƙara tambaya ta biyu. Ni ban ƙara ba. Ina karɓar "da sauƙi" ɗin nan in kashe waya da sauri.

Rana ta biyar aiki ya kai ni Kwandiko, ɗaurin aure. A hanyar dawowa na karkata babur na shiga Zandam. Na tarar da Baba a zaure, ya jingina da bango, wani babban ɗalibinsa ne yake biya wa yara. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni hanya, na ce lafiya. Ya tambayi iyali. Sai ya sake tambayata hanya, da murya ɗaya, kamar yanzu na shigo.

"An ce hoton naka ya nuna lafiya ƙalau," in ji shi, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Haka aka ce, Baba."

"To madalla. Dama na faɗa musu."

Haka aka ce. Na ɓuya a bayan kalmomin nan uku, ina durƙushe a gaban mahaifina. Da zan faɗa masa sauran, sai na fara da cewa aikina ne likita ya ce ba shi da amfani, a gaban ɗalibansa, kuma bakina ya ƙi. Na sha ruwa, na yi sallama. A hanya na yi ta zuba wa babur wuta, ina rantsuwa ina isa zan tura. Da na isa na tarar da ƙanin wani ango yana jirana da faɗa, na biye masa, rana ta faɗi.

Rana ta takwas da safe, wajen ƙarfe goma, Yaya ta kira. Ko sallama ba ta yi ba.

"Baba ya faɗi. Yana karɓar hadda, yaro ya yi kuskure, ya buɗe baki zai gyara masa, maganar ta ƙi fitowa. Ya yunƙura zai tashi ya kife. Yanzu abin da yake faɗa ba a ganewa. Ba kai ka ce babu komai ba?"

"Ni ban ce ba, Yaya."

"To wa ya ce?"

Na ce su shirya shi, zan kira ta.

Na kori wani mai jiran aiki, na ja ƙofa. Na tono jakar daga inda na binne ta. Na nemi manhajar da likitoci suke duba irin waɗannan fayiloli da ita, kyauta ce, saukar da ita bai ɗauke ni minti goma sha biyar ba. Wannan minti goma sha biyar ɗin har yau yana cin raina. Na buɗe hoton tsakiya, wanda na fara buɗewa ranar da Yaya ta zo. Ga maɓallan nan biyu. Na ja su baya, ɓangaren da ban taɓa ja ba a rayuwata ta aiki.

Ƙashin ya lalace, ya zama farin dunƙule marar fasali. Amma cikin, inda na mayar duhu mai santsi, sai ya fara fitowa: toka-toka, mai lanƙwasa da ninki. A gefe ɗaya kuma, tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, ga wani abu kwance kamar ɓawon kankana, launinsa ya ɗan bambanta kaɗan, ya tura komai zuwa ɗaya gefen. Ban taɓa shiga ajin likitanci ba, amma ko mai faci aka kira zai ce wannan ba wurinsa ba ne.

A nan na gane abin da na yi. Fayil ɗin asibiti yana riƙe da matakan haske dubbai tsakanin baƙi da fari, bidiyon waya kuwa kaɗan yake iya ɗauka. Kamar a ce ka juye buhu a kwano ne, dole ka zaɓi abin da za ka ɗiba, sauran ya zube. Ni na ɗebi ƙashi, don shi ne mai kyan gani, na zubar da sauran. Bambancin jini da ƙwaƙwalwa a hoton nan ɗan dishi-dishi ne kawai, irin wanda aka koya mini in kashe duk inda na gan shi.

Na tattara fayilolin a ƙunshi ɗaya, ban taɓa ko ɗigo ba. Na karɓi lambar likitan a wurin Alhaji. Layi a shago ya ƙi tafiya, sai na saɓa kwamfutar a baya na hau babur, na nufi duwatsun bayan gari inda na san waya tana kamawa sosai. Na bar babur a ƙasa na haura da ƙafa, na zauna a kan dutse mai zafi, na ɗora kwamfutar a cinya na kare ta da rigata. Layin da ke nuna tafiyar saƙo yana motsi kamar ba ya so. Na miƙe, na zauna, na ɗaga wayar sama kamar hakan zai taimaka. Awaki suna kiwo a ƙasa, ko a jikinsu. Yaya ta kira sau biyu, na ce ta dakata. Na yi addu'o'in da na iya, na zagi kamfanin waya, na zagi kaina, na koma addu'a. Kafin ya gama sai na ɗauki hoton allon kwamfutar da waya, wurin ɓawon kankanar nan, na tura wa likitan don ya fara gani.

Ba a yi minti biyar ba ya kira.

"Kai ne mai hoton?"

"Ni ne, Likita."

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

"Yau kwana goma."

Na ji ana kiransa a can, bai amsa musu ba.

"Jini ne ya taru yana danne masa ƙwaƙwalwa. Ku taho da shi yanzu, kada ku jira gobe. Idan sauran fayilolin sun shigo zan duba kafin ku iso."

Bai ƙara ko kalma ba, bai tambaye ni me ya hana ni turawa ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Hanyar Kano daga Gwaram ta Birnin Kudu take bi, don haka na tsaya a bakin titi ina jiran motar Alhaji. Na kasa tsayawa wuri ɗaya. Duk motar da ta ɓullo sai in taka kwalta, direbobi suna yi mini hon suna ɗaga mini hannu. Da suka iso na buɗe gaba na shiga. Baba yana kwance a baya, kansa a cinyar Yaya, idonsa a buɗe, leɓensa yana motsi ba sauti. Wannan karon babu sharaɗin da ya iya kafawa. Alhaji yana tuƙi yana ta cewa shi fa abin ya ɗaure masa kai, ai mutumin nan da bakinsa ya ce babu komai. Na kafa wa titi ido.

A Kano aka sake ɗaukar hoto, likitan ya ce jinin ya ƙaru a kan na farko. Aka shiga da Baba, aka huda ƙashin aka zuƙe jinin. Bayan kwana biyu ya fara magana. Abin mamaki, karatu ne ya fara dawo masa kafin sunayen mutane: yana iya jan sura daga farko har ƙarshe, amma ya kalli Alhaji yana lalubar yadda zai kira shi. A hankali wannan ma ya dawo. Ƙafa ta warware, yana takawa da sanda. Hannun dama ne ya tsaya. Yana ɗagawa, yatsun suna lanƙwashewa, amma ba sa haɗuwa su riƙe abu siriri.

Ranar da za a sallame mu na tare likitan a baranda. Na ce ina da tambaya, kuma ina so ya faɗa mini gaskiya: da an kawo shi tun ranar da ya yi saƙon nan, da hannun ya tsira? Ya kalle ni sosai, ina jin a lokacin ya haɗa ni da bidiyon. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, akwai waɗanda ake kawowa da wuri hannu bai dawo ba, akwai waɗanda suke makara su warke sarai. Ya ce amma a irin wannan ciwo, kowace rana tana da nauyinta. Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Da na juya sai ga Yaya a bayana da kwanon abinci. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

"Hoton da ka tura na biyu, ba shi ne na farkon ba?"

"Fayil ɗin ne daban."

"Daga faifai ɗaya?"

"Daga faifai ɗaya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta wuce ɗaki. Daga ranar ba ta sake ce mini Darakta ba, sunana na yanka take kira, kuma ban taɓa zaton zan yi kewar tsokanar nan ba.

Muka dawo Zandam. An yanke dawa ba tare da shi ba, an ɗaga saukar ɗaliban. Babban ɗalibin nan ne yake rubuta allo yanzu, Baba yana zaune a gefe yana duba masa, yana cewa wannan harafin ya yi ƙiba, wancan ya kwanta. Na yanke shawara zan faɗa masa komai. Na shirya maganar a kan babur tun daga Birnin Kudu, na san inda zan fara da inda zan tsaya.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko, na tarar da zauren cike da masu zuwa sannu: limamin unguwa, dattawa daga Dingaya, tsofaffin ɗalibansa. Na rakuɓe a bakin ƙofa ina jira su ragu. Baba ya hango ni, ya ce in matso. Na ratsa mutane na durƙusa a gabansa.

"Kun ga wannan," ya ce da su, a hankali, amma kowace kalma ta fita daidai. "Shi ne ya hau dutse da rana tsaka ya aika hoton kaina Kano. Likitan farko ya duba bai ga komai ba. Shi bai yarda ba, ya sake tonowa har ya gano. Ba don Allah Ya sa ya yi haka ba, da yanzu gaisuwar da kuka zo yi daban ce."

Zauren ya ɗauki "Allah Ya yi albarka". Ban san wa ya shirya masa labarin haka ba, ko shi ya haɗa da kansa daga abin da ya tsinta. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, bai taɓa ambaton ta da bakinsa ba, ko da yabo ko da faɗa. Idan aka tambaye shi aikina yakan ce ina Birnin Kudu.

"Ashe abin nan nasa ilimi ne," ya ƙara. "Ni ne ban sani ba."

Maganar da na shirya tana nan a maƙogwarona. Na buɗe baki, na ga fuskarsa, na ga dattawan suna gyaɗa kai, na rufe. Har yau da nake rubuta wannan ban faɗa masa ba.

Ya yunƙura zai ɗora mini hannu a ka. Hannun dama ya taso daga gwiwarsa, ya yi rawa, ya koma. Ya dube shi kaɗan, sannan ya miƙo ɗayan ya dafa kaina. Ya sunkuyo yadda ni kaɗai zan ji.

"Ka yi haƙuri da hagu," ya ce.